Dillaliyar Ma'aikata: Yadda Ake Farautar Mata Injiniyoyi a Taron Grace Hopper

A manyan kamfanonin fasaha na Amurka akwai ma'aikatan da ba sa rubuta manhaja, ba sa haɗa na'ura, amma in suka yi sake na wata uku sai aikin shekara ya tsaya cik. Su ne masu nemo ma'aikata. Ga kamfani da gurbi da kuɗi, ga injiniya da ilimi da buƙata, su ne ke shiga tsakani, su daidaita ciniki, su tsaya har a sa hannu. Mafi yawan masu wannan sana'a mata ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ƙware a nemo 'yan'uwansu mata masu ilimin kwamfuta. Wanda ya san dillaliyar unguwa, mai shiga gida-gida da ƙullin kaya, wadda ta san wa ke son sayarwa a ɓoye da wa ke da kuɗin saye, ya san rabin aikin nan. Jarinta shi ne mutane su yarda da maganarta.

Babbar kakar wannan dillanci ita ce taron Grace Hopper, wanda ake yi sau ɗaya a shekara a tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba. Wasu masana kwamfuta biyu, Anita Borg da Telle Whitney, su ne suka kafa shi a 1994, aka yi na farko a birnin Washington da mutum kusan 500. Sun sa masa sunan Grace Hopper, masaniyar lissafi kuma babbar jami'ar sojan ruwan Amurka da ta rasu a 1992, wadda aikinta ya share hanyar samar da harshen rubuta manhaja na COBOL. A farkonsa taron ilimi ne, mata masu bincike su gabatar da takardu, su ga juna, su san ba su kaɗai ba ne a fagen.

Abin da ya mai da shi kasuwa ƙarancin mata ne. A 1984 mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin ɗari na digirin farko a kimiyyar kwamfuta a Amurka. Daga nan aka yi ta gangarowa, har zuwa wajen 2010 ya dawo kusan kashi 18. A 2014 kamfanin Google ya fito da lissafin ma'aikatansa a fili, aka ga mata kashi 17 kacal ne a ɓangaren fasaha. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa ya bayyana nasa, babu mai abin alfahari. Kunya ta sa aka buɗe lalita. A farkon 2015 Intel ya ware dala miliyan 300 don gyara lamarin. Taron da ya tara mutum kusan 8,000 a Phoenix a 2014 ya kai wajen 25,000 a Orlando a 2019. Babu wani wuri a duniya da za ka iske mata masu ilimin kwamfuta masu yawan haka a ƙarƙashin rufi ɗaya, saboda haka dillalai suka yi masa ca.

Kwana uku ko huɗu ake yi a taron, amma dillaliya tana fara aikinsa tun da sauran watanni. Abu na farko shi ne zama da manajojin da ke da gurbi. Kowane manaja kan zo da dogon buri: yana son wadda ta san harsuna biyar na rubuta manhaja, ta yi shekara bakwai a kan wata fasaha da ba ta fi shekara huɗu da fitowa ba, kuma ta yarda da albashin sabon shiga. Aikin dillaliya ne ta zauna da shi ta yi ta ragewa, ta tambaye shi wanne ne dole, wanne ne kwaɗayi. Wannan zama yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin duk sharaɗin banza da aka bari a tallar aiki yana korar wata da ta isa yin aikin amma ta ƙirga ta ga ba ta cika ɗaya cikin goma ba.

Daga nan sai tace takardu. Masu shirya taron suna da rumbun da masu halarta ke zuba takardun tarihin karatunsu da aikinsu, ana kuma buɗe wa kamfanonin da suka ɗauki nauyin taron wannan rumbu kafin ranar. Dubban takardu ne. Dillaliya na bi da kalmomin nema, tana haɗa wannan da wancan: mai Python ko Java, mai kammala karatu a shekara mai zuwa, wadda ta taɓa yin horon sanin makamar aiki a wani kamfani. Tana leƙa LinkedIn ta gwada abin da aka rubuta da abin da ke can, tana leƙa GitHub ta ga ko yarinyar ta taɓa gina wani abu da hannunta. Waɗanda suka tsallake sai a tura musu jarrabawa ta intanet a dandali irin HackerRank ko CodeSignal, tambaya biyu ko uku, agogo na tafiya. Sakamakon ne zai nuna wa za a ba lokacin intabiyu a wurin taro. Gogaggun dillalai sukan cike mafi yawan kujerun intabiyunsu tun kafin jirgi ya tashi. Ɗalibar da ta bari sai ta isa zauren sannan ta fara raba takarda, ta riga ta makara a wajen kamfanoni da dama.

An so a ɗora wa na'ura wannan tacewa, kuma labarin Amazon ya zama darasi a cikin sana'ar. Kamfanin ya gina wata manhaja, ya horar da ita da takardun da aka aiko masa cikin shekara goma, don ta riƙa ba masu nema maki. Tunda mafi yawan takardun na maza ne, sai manhajar ta koyi rage maki ga takardar da ta ambaci ƙungiyar mata, har ta ture waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya fasa ƙwan a Oktoban 2018, a lokacin an riga an watsar da aikin, Amazon kuma ya ce ba a taɓa yanke wa kowa hukunci da ita ba. Har yau ana amfani da manhajoji irin su Workday da Greenhouse wajen jera takardu da bin sawun kowace mai nema, amma dillaliyar da ta san aikinta ba ta yarda ta bar wa na'ura kalmar ƙarshe.

Kuɗin da kamfani ke kashewa ba kaɗan ba ne. Akwai kuɗin ɗaukar nauyi, wanda gwargwadonsa ake ba ka girman rumfa da wurin da za a kafa ta, kusa da ƙofa ko can ƙurya. Akwai kuɗin gina rumfar, da allunan haske, da kafet, da lantarki da intanet da zauren ke sayarwa da tsada. Akwai 'yan ɗakunan intabiyu da ake haya daban, labule da tebur da kujera biyu. Akwai tikitin jirgi da otal na ma'aikata, wani kamfanin kan kwaso mutum ɗaruruwa. Akwai kayan kyauta, riguna da jakunkuna da gorunan ruwa da safa, waɗanda dillaliya ce ke ƙirga su, ta bi sawun kwalayensu, ta kuma sha faɗa in suka ɓace a hanya. Sannan akwai liyafar dare da ake gayyatar zaɓaɓɓu. Abin da ba ya fitowa a rasit shi ne lokacin injiniyoyin da aka ɗauke daga aikinsu na mako guda don su zo su yi wa mutane intabiyu, kuma sau da yawa injiniyoyi mata ƙalilan ɗin da kamfanin ke da su ne ake sake kira kowace shekara.

Ita ma mai neman aikin tana zuba nata. A 2023 tikitin shiga ya kama daga kusan dala 650 ga ɗalibai zuwa kusan dala 1,300 ga sauran mutane, ban da jirgi da masauki da abinci. Wasu jami'arsu ce ke biya, wasu kamfani, wasu tallafin AnitaB.org, ƙungiyar da ke shirya taron. Wasu kuwa bashi suke ci, su haɗu huɗu a ɗaki ɗaya.

Ranar buɗewa dillaliya kan isa zauren tun da duhun asuba. Da an buɗe ƙofa layi ya miƙe. Kowace mai nema tana da minti biyu ko uku ta faɗi ko ita wace ce, me ta karanta, me ta gina, me take so. Dillaliya na saurare, tana ɗora na'ura a kan bajon da ke rataye a wuyan yarinyar don bayananta su shiga rumbu, tana rubuta kalma biyu uku da za su tuna mata da wannan fuska a cikin ɗaruruwa. Awa takwas ko tara a tsaye, murmushi bai gushe ba, murya na dushewa. Wadda ta zo ƙarfe huɗu na yamma tana da haƙƙin a saurare ta kamar wadda ta zo ƙarfe tara na safe, a nan kuwa ake gane gwana. In ta ji wadda ta burge ta, nan take za ta duba ko akwai kujerar intabiyu da ta rage gobe, ta roƙi wani injiniya ya haƙura da abincin rana.

Yadda ake tsayuwa a rumfa ma ilimi ne. Wasu masu bincike biyu na jami'ar Stanford, Alison Wynn da Shelley Correll, sun zauna a zaman neman ma'aikata 84 da kamfanoni 66 suka yi a wata jami'a, suka buga abin da suka gani a 2018. Sun ga maza ne suka fi yin bayanin fasaha, matan kamfanin kuwa an bar su da jera abinci da raba riguna. Sun ga ana cika jawabi da barkwancin samari da alfaharin kwana a ofis. A irin wannan zama ɗalibai mata sukan yi shiru, ba sa tambaya. Inda kuwa mace injiniya ta tsaya ta yi bayanin aikin da take yi, sai su saki jiki. Dillaliyar da ta san haka takan dage a sa mace injiniya a gaba, ita kuma ta koma gefe da na'urarta.

Intabiyun kansa minti 45 ne ko awa guda. Za a ba mai nema matsala, misali ta nemo hanya mafi gajarta a tsakanin wurare biyu ko ta tsara wasu bayanai cikin sauri, ta rubuta maganin a gaban mai tambaya tana faɗin abin da ke ranta da babbar murya. Ɗalibai kan shafe watanni suna atisaye a dandalin LeetCode saboda wannan awa ɗaya. Akwai masu sukar tsarin, suna cewa ya fi auna wanda ya haddace tambayoyi da wanda ba ya rawar jiki, kuma a ganina suna da gaskiya rabi. Dillaliya ba ta shiga ɗakin, amma ita ce ke jiran takardar sakamako, ita ce ke matsa wa injiniya ya rubuta hujja. "Ba ta kwanta mini ba" ba hujja ce ba, kuma dillaliya mai mutunci ba ta karɓar ta.

Akwai tambaya ɗaya da ke yanke wa mutane da yawa hanya kafin a kai ga ilimi, ita ce ta biza. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje, musamman daga Indiya da Sin, suna da yawa a layukan nan, akwai kuma 'yan Afirka, Najeriya ce ma ke kan gaba a nahiyar wajen tura ɗalibai Amurka. Wadda ta gama digirin kimiyya ko fasaha tana iya yin aiki har shekara uku da izinin ɗalibta. Bayan haka sai kamfani ya nema mata bizar H-1B, wadda ake ba da 85,000 kacal a shekara, kuma ƙuri'a ake jefawa saboda masu nema sun ninka gurbin. A Satumban 2025 gwamnatin Trump ta ɗora kuɗi dala 100,000 a kan wasu sabbin takardun neman bizar. Dillaliya ce ke kallon idon yarinyar da ta tsaya awa guda a layi ta ce mata wannan gurbin ba ya ɗaukar mai buƙatar biza. Hukuncin ba nata ba ne, amma bakinta ne ke faɗa.

In komai ya yi daidai sai a zo ciniki. Tayin aiki a babban kamfani kashi uku ne: albashin shekara, kuɗin sa hannu da ake biya sau ɗaya, da hannun jarin kamfani da ake sakar wa ma'aikaci kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara huɗu. Gwanar ɗaliba na iya barin taron da tayi biyu ko uku a hannu, sai dillalai su shiga kokawa a kanta, wannan ya ƙara kuɗin sa hannu, wancan ya haɗa ta da wata babbar injiniya su sha shayi. Wasu kamfanonin kan sa wa tayi gajeren wa'adi don kada ta samu damar gwadawa da na wani. A nan dillaliya ke tsaka mai wuya, domin kamfani ne ke biyan ta, amma ta san sarai yarinyar da ke gabanta ba ta san za ta iya neman ƙari ba.

A wannan taron ne ma aka yi abin da har yau ake tunawa. A 2014 an tambayi Satya Nadella, shugaban Microsoft, shawarar da zai ba matan da ke jin nauyin neman ƙarin albashi. Ya amsa da cewa su dogara da tsarin kamfani, alheri zai biyo su ko ba su nema ba. Maria Klawe, shugabar kwalejin Harvey Mudd a lokacin, wadda ke masa tambayoyin, ta ce masa a gaban jama'a ba ta yarda ba, ta kuma shawarci matan su binciki farashinsu su nema. Kafin gari ya waye Nadella ya janye maganar. Tun daga nan dokoki sun ɗan sauƙaƙa wa mai nema. Jihar Kalifoniya ta haramta tambayar mutum albashinsa na baya tun daga 2018, Kolorado kuma ta wajabta rubuta iyakar albashi a tallar aiki tun daga 2021, wasu jihohi suka bi.

To nawa ita dillaliyar ke samu? Kashi biyu ne. Mai aiki a kamfanin dillanci la'ada ake biya, yawanci kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko na wadda ta kawo. In albashin dala 120,000 ne aka yi ciniki a kan kashi 20, la'ada ta kama dala 24,000. Kuɗin na kamfanin dillancin ne, ita wani yanki za a yanka mata, kuma akwai sharaɗi: in ma'aikaciyar ta tafi kafin wa'adin lamuni, wanda galibi kwana 90 ne, sai a nemo wata kyauta ko a mayar da kuɗi. Mai aiki a cikin kamfanin fasahar kuwa albashi take ci, irinta ne kuma suka fi yawa a rumfunan taro. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin mai rubuta manhaja ya kai kusan dala 132,000 a shekara, na jami'in harkar ma'aikata kuwa, rukunin da dillalai ke ciki, kusan dala 68,000. Na manyan kamfanonin fasaha sukan fi haka, amma a dunƙule dillaliya na miƙa wa yarinya 'yar shekara 22 takardar albashin da ya fi nata.

Kuma ita ce ta farko da ake sallama in kasuwa ta faɗi, tunda kamfanin da ya daina ɗaukar ma'aikata ba ya buƙatar mai nemo su. A Nuwamban 2022 Meta ya sallami mutum 11,000, Mark Zuckerberg kuma ya faɗa ƙarara cewa sashen neman ma'aikata zai fi kowa jin jiki. A 2023 kaɗai an ƙirga sama da mutum 260,000 da kamfanonin fasaha suka sallama. Yunwar aikin ta bayyana a taron Orlando na shekarar. Maza masu yawa suka sayi tikiti suka cika zauren baje kolin, aka yi ta turereniya da tsallake layi, mata da suka biya kuɗinsu suka koma gida ba su kai ga rumfa ba. Shugabannin AnitaB.org sun yi tir da abin, sun ce wasu sun yi ƙarya game da jinsinsu wajen rajista, amma sun kuma bayyana cewa dokar ƙasa ba ta ba su ikon hana maza shiga ba. Ita ma dillaliya wata dokar Amurka ta 1964 ta hana ta ɗauka ko ƙin ɗaukar mutum saboda jinsi. Abin da take da iko a kai shi ne inda za ta je nema da wa za ta kira intabiyu ya gwada sa'arsa.

Bayan nan iskar ta ƙara juyawa. Ƙungiyar Women Who Code ta rufe a Afrilun 2024 saboda tallafi ya ƙafe. A Janairun 2025 Meta ya rushe shirye-shiryensa na daidaita wakilci a wurin aiki, a Fabrairu Google ya soke burin adadin da ya sa wa kansa. Taron dai bai mutu ba, an yi shi a Philadelphia a 2024, a Chicago a 2025, amma kuɗin da kunya ta fito da su a 2014 ba su ne ke yawo yanzu ba.

Abin da na fi ganin ya dami masu sana'ar na gaskiya wani ne daban. Ana auna dillaliya da yawan waɗanda suka sa hannu da kwanakin da ta ɗauka kafin ta cike gurbi. Ba a cika tambayar ta ina waɗanda ta kawo shekara biyar da suka wuce ba. Wani bincike da Accenture da Girls Who Code suka fitar a 2020 ya nuna rabin matan da suka shiga aikin fasaha suna barin sa kafin su cika shekara 35, kuma yanayin wurin aiki ne babban dalili. Ita ce ta yi wa yarinya alkawarin cewa ofishin nan ana daraja mutane, amma ba ita ke rabon aiki ba, ba ita ke ƙarin girma ba, ba ta cikin ɗakin da ake katse wa mace magana. In alkawarin ya tashi a banza, sunanta ne ke ɓaci, domin ɗalibai suna ba juna labari, kuma baɗi a layin rumfarta za ta gani. Shi ya sa tsofaffin hannu sukan kira waɗanda suka kawo bayan wata shida su ji yadda ake ciki, ko da babu wanda ya sa su, babu kuma mai biyan su ladan kiran. Wasu har sukan daina kai wa wani manaja mata in sun ga nasa ba sa daɗewa.

Wannan dillanci ya iso gida ta hanyar aikin nesa. Andela ta fara a Legas a 2014 tana haɗa masu rubuta manhaja na Afirka da kamfanonin waje, Ada Nduka Oyom kuma ta kafa She Code Africa a 2016 don horar da mata. Ɗalibar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello za ta iya samun saƙon dillaliya a LinkedIn tana zaune a ɗakinta. In hakan ta faru, 'yar'uwa, ki tambayi sunan kamfanin da gurbin da iyakar albashin, ki kuma duba adireshin imel ɗin da kyau. Dillaliyar gaskiya kamfani ne ke biyan ta. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ko na intabiyu ko na kwamfutar aiki kafin a ɗauke ki, ɗan damfara ne, kada ki ba shi ko sisi.